Jinin da Aka Ƙara wa Keziya

Tunda an tashi sujada a majami'a kun ƙi tafiya gida, ku gyara zama, ga wata magana ku raba mini.

A wani ƙauye bayan Kaltungo an yi wata mata, Keziya, mai jan waƙa a zumuntar mata. Wata safiya ƙanin mijinta, Barnaba, yana baya-baya da akori-kurarsa a ƙofar gida, ya taka ɗanta mai rarrafe. Yaron ko shurawa bai yi ba. Daga ranar Keziya ta daina waƙa, ta daina taka majami'a. Barnaba ya zo da dattawa ya durƙusa, ta tofa masa yawu, ta rantse muddin mijinta Zakka ya sake gaisawa da shi, ta bar gidan.

Masu ba da haƙuri suka gaji suka janye, ban da Mama Briskila, shugabar zumunta, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Keziya takan rufe mata ƙofa tana zagi, ita kuwa ta zauna kan turmi ta yi addu'a ta tafi. Ran nan kowa yana gona, Keziya na da tsohon ciki, tsohuwar ta zo ta ji shiru, babu zagi. Ta tura ƙofa, ta tarar da ita kwance cikin jini. Ihunta ne ya tara mutane aka kai ta asibiti.

Jaririya ta zo da rai, amma likita ya ce in ba a ƙara wa uwar jini ba, ba za ta kai yamma ba. Aka gwada mijin, aka gwada dangi, babu wanda nasa ya dace. Sai ga Barnaba, wanda ba a kira ba. Nasa ya yi. Da aka gama ɗiba ya riƙe hannun wansa ya ce, "Yaya, don girman Allah kada ta sani. Yi mini alkawari." Zakka ya yi.

Keziya ta warke. Wata rana tana ba da nono, Zakka ya ji tana ce wa jaririyar, "Ke dai ba za ki taɓa ganin fuskar mai kisan kan nan ba." Ya san in ya yi magana ya karya alkawari, kuma aurensa na iya mutuwa. Duk da haka ya ce, "Keziya, jininsa ne a jikinki."

Ta zuba wa jijiyoyin hannunta ido kamar ba nata ba. "Wa? Barnaba?" Ta kurma ihu a cire mata jinin, tana kartar fatarta da farce, har ƙarfinta ya ƙare ta zube tana kuka.

Washegari maƙwabta suka riƙe baki: ga Keziya ta doshi gidan Barnaba. Da ya gan ta ya miƙe. Ta kwance goyonta ta sa masa a hannu. Ranar Lahadi ita da Barnaba suka karɓi Jibin Ubangiji kafaɗa da kafaɗa, rabin majami'a na hawaye.

To, jama'a, tsakanin tsohuwar da ta ƙi gajiya, da wanda ya ba da jininsa a ɓoye, da mijin da ya karya alkawari, wane ne ya dawo da Keziya?