Injiniyan da Ya Gyara Allo Ya Bar Gini

Ya 'yan uwa, an taɓa yin wani mutum, injiniya, da aka damƙa wa ginin bene mai hawa biyar. Allah ya ba shi kai, wannan ba a musu. Amma yana da ciwo guda: son a yaba masa.

Ginin nan yana da kwafinsa a cikin kwamfuta, kamar tagwaye. Kowane ginshiƙi, kowane rodi, kowane bututu yana ciki. Idan aka zuba kankare, akan binne 'yan na'urori a cikinsa, su riƙa sanar da kwamfutar ko ya yi ƙwari. Ja a allon kwamfutar na nufin da saura. Kore na nufin a cire sandunan da ke tokare da rufin. Dokar wurin ke nan, ba mai taɓa sanda sai allo ya yi kore.

Ana sauran kwana biyu masu ginin su zo duba aiki, rufin hawa na huɗu ya ƙi yin kore. An yi ta ruwa da sanyi, kankaren bai kama ba. Shi kuwa gogan ya riga ya cika baki a gaban taro cewa za su tarar da hawan nan fes, ba sanda ko ɗaya. Yanzu ya koma ya ce a ƙara masa mako guda? Shi da ake kira gwani? Ya shiga ofis, ya tura ƙofa, ya goge lambar da na'ura ta aiko, ya rubuta tasa. Allo ya yi kore shar. Wallahi ko minti uku abin bai ci ba. Ya fito ya ce a cire sandunan.

Shugaban kafintocin wurin yayansa ne, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ya yi ta bugun ƙusa har ƙanin ya gama jami'a. Dattijon ya hau, ya ƙwanƙwasa kankaren da guduma, ya sauko ya ce sautin bai kwanta masa a rai ba.

Injiniya ya juya masa allon a gaban leburori. "Yaya, kunnenka ya fi kwamfuta ne?"

Aka yi dariya. Dattijon ya ce, "To, kai ne mai ilimin. Amma ba zan tura 'ya'yan mutane ba, ni zan shiga."

Me ya hana injiniyan ya kama hannun yayansa ya ce shi ya canza lambar? Ya ga idanun leburori a kansa, ya bar dattijon ya shiga.

Dattijon na cire sanda ta goma sha ɗaya rufin ya rufto. Sai bayan la'asar aka ciro gawarsa.

Masu bincike ba su sha wahala ba. Kwamfutar ta ajiye sunan wanda ya taɓa lambar, da ranar, har da mintin. Aka ƙwace lasisinsa, aka ɗaure shi. Mahaifiyarsu ba ta zage shi ba. Hana ambaton sunansa ta yi a gidan, kuma har ta koma ga Allah ba ta je ganinsa ba.

Ya 'yan uwa, na'urar da ɗan Adam ya ƙera ba ta manta ba, ina ga mala'ikun da ke rubutu dama da hagu? Mu nawa ne muke gyara rahoto mu bar aiki a ɓace? Ƙarya tana canza rubutu, amma ba ta busar da kankare. Kuma sau da yawa wanda ya fi yarda da kai shi ne ke tsaye a ƙarƙashin ƙaryar taka.

Allah ya kiyaye mu da son yabo, ya ba mu ƙarfin halin cewa mun yi kuskure tun wanda za mu faɗa wa yana raye. Amin.