Tsutsa da Ƙwan Matar Zanzaro

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

A wata fadama mai ruwan zartsi akwai wata Tsutsa. Tana zaune can bakin tudu inda ciyawa ke da daɗi. Ta ci, ta ci, har ta yi ɓul-ɓul.

Ran nan sai ga Zanzaro da ƙwan matarsa a ƙwarya. Ya ce, "Gwaggo, mai ɗakina ce ta aiko ni. Ki goya mana waɗannan, kwana uku kawai."

Tsutsa kuwa ta san irin goyon. Yayarta ta taɓa karɓa, 'ya'yan suka ƙyanƙyashe suka cinye ta, sai fata. Sai ta ce, "To, ɗana, bari in ƙarasa kalaci."

Sai ta sulale ta gangara tsakiyar fadama, inda ciyawa ke da ɗan gishiri. Zanzaro ya bi ta.

"Gwaggo, kin ƙoshi?"

"Saura loma ɗaya."

Sai ta ƙara gaba, ta hau karan da ke cikin ruwa. Zanzaro ya sauka, ruwa ya jiƙa masa fiffike. Ya yini a rana yana shanya, yana atishawa.

Tsutsa ta wuce can ƙurya, inda gishiri ya yi fari fat a ƙasa. Ganyen wurin ɗaci, ga tauri. Tana ci tana hawaye. Kwana bakwai ta rame, ta zama kamar zare.

Sai ga Zanzaro da ƙwaryarsa, yana haki. "Gwaggo, juyo bayan."

Ta ce, "Ga shi. Amma ɗanɗana tukuna, kada yara su sha wahala."

Ya lasa. Sai ya yi tsalle, ƙwarya ta kife a ruwa. "Wayyo! Gwaggo, ke ce ko kanwa?"

Ya kama amai, ya yi ta yi har cikinsa ya tsuke. Ya koma gida ba ƙwai ba ƙwarya, matarsa ta bi shi da muciya. Shi ya sa har yau ƙugun Zanzaro bai cika ba.

Tsutsa kuwa ta rayu, sai dai kullum tana neman ruwan sha.

Kun ji, yara: abinci mai ɗaci da kwanciyar hankali ya fi mai daɗi da za a cinye ka a kansa.

Ƙurunƙus kan ƙadangare, na tashi in sha ruwa.