Tafin Jatau a Bangon Gabas

A can wani zamani mai nisa an yi wani ƙasaitaccen birni ana ce masa Zangarwa, mai ƙofofi goma sha ɗaya da kasuwanni bakwai. Abin da ya fi jawo masa baƙi shi ne Soron Tafi, wani tsohon soron ƙasa dogo, kakkaura, mai zankwaye tsaitsaye, wanda Gwani Jatau ya gina, ya kuma danna tafin hannunsa a ɗanyen yaɓen bangon gabas ranar da ya gama. Jatau ya haifi Bawa, Bawa ya haifi Nomau, Sarkin Magina na wannan labari, dattijo siriri, marar yawan magana, wanda gwiwoyinsa suka riga shi tsufa.

To, Sarkin garin, Mainasara Dogo, da ya ga yadda baƙi ke tururuwa suna ɗora hannu a kan tafin nan, sai ya kafa doka kada a ƙara yi wa bangon yaɓe, don kada a rufe abin kallo. Shekara goma sha tara damina tana lasar bango, har tsaga ta buɗe daga indararo zuwa gindi. Sarki ya kira Nomau ya ce, "Sarkin Magina, an gaya mana a Birnin Zabarjadi na aljannu gini ba ya tsufa. Je ka karɓo mana asirin kafin ruwan fari, in ba haka ba soron kakanka ya zama tudun ƙasa."

Nomau ya san maganin sarai, amma shi ma zuciyarsa ba ta iya rufe hannun kakansa. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, an gama," ya ɗauki sanda.

Kwana arba'in yana tafe, ya ratsa dajin da itatuwansa ke gulmar mai wucewa, ya haye kogin da ke gudu da baya, har wata rana da rana tsaka ya shiga kogon wata kuka, ya ɓulla a ƙofar Zabarjadi, ƙafafu a kumbure, maƙogwaro a bushe. Jakadan baƙi, wani aljani gajere, mai tumbi, mai bakin magana, sunansa Durungu, ya tarye shi ya ce, "Maraba da ɗan Adam. Al'adarmu ce baƙo ba ya ganin Sarki sai ya zaga abubuwan kallo saba'in."

Wayyo gwiwa! Aka kai shi hasumiyar zinariya mai matakala dubu, aka kai shi fadar lu'ulu'u da ke yawo bisa ruwa, da kasuwar da ake sayar da inuwa a mudu, da marinar da ake rina gajimare shuɗi-shuɗi da ja-ja-wur. Durungu ba ya rufe baki, kowane gini sai ya jero wanda ya ɗaga shi da wanda ya suma don ganinsa. Nomau kuwa, magini ne, ko'ina sai ya ƙwanƙwasa bango da yatsa, ya ji fayau ba ƙwari, ya wuce. Kullum in an tashi yakan ja jiki zuwa wata guntuwar katangar ƙasa kusa da ƙofa, wadda ba ta cikin saba'in ɗin, ya jingina bayansa, don nan kaɗai yake jin sanyi irin na gida.

A rana ta goma aka shigar da shi gaban Dardayanu, Sarkin aljannu, mai rawanin wuta marar hayaƙi. Sarkin ya ce, "Ya kai jikan magina, mun san buƙatarka. Faɗa mana gini mafi tsufa a birninmu. In ka kuskure, za ka sake zagayen daga farko, kamar waɗanda suka riga ka."

Nomau ya tuna matakala dubu, ya tuna ruwan fari. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, hasumiyarku da fadarku duk jarirai ne, ko bushewa ba su yi ba. Katangar da nake jingina ita ce tsohuwa. Gefenta ya ɗan ɓantare, na ƙirga yaɓe bisa yaɓe har na gaji."

Dardayanu ya sauko, ya kama hannunsa har gindin katangar, ya ce, "Ka faɗi gaskiya. Sauran da ƙiftawar ido muke ɗaga su, kowace shekara su watse mu sake. Wannan kuwa Jatau ne ya gina mana, ya ce mu riƙa yaɓe ta da hannu kafin damina." Ya sa farce ya ɓare yaɓen har ciki. Ga tafin Jatau nan, yatsu biyar cur, har zanen fatarsa ana gani. Nomau ya durƙusa, hawaye suka zubo masa, don na gida ruwa ya cinye, saura yatsu uku. Sarkin ya ce, "Ba mu da wani asiri. Kai wa Sarkinku wannan ɓawon ya gani."

Durungu ya saɓa shi a kafaɗa, ya dire shi ƙofar Zangarwa da hantsi, hadari ya riga ya haɗo daga gabas. Sarki Mainasara ya juya ɓawon yaɓen, ya saurari labari, sannan ya ce, "Mun janye doka."

Magina suka kwaɓa ƙasa, aka cike tsaga, aka bi bango da yaɓe har aka zo kan yatsu ukun nan, kowa ya ja da baya. Nomau ya ɗora hannunsa a kai, ya ce a hankali, "Kaka, ka yafe mini jinkiri." Ya ɗebi ƙasa ya rufe, ya shafe, ya danna nasa tafin a sama. Bai gama wanke hannu ba ruwa ya sauko, soro yana tsaye. Allah ya jiƙan waɗanda suka gina, ya ba na baya ƙarfin gyarawa.