Agogon Mijin Zuweira

Ya 'yan uwa, a Bawku an yi wani Alhaji, dillalin shanu, ba zan kama sunansa ba saboda 'ya'yansa. Allah ya buɗa masa, sai ya ƙwallafa ransa a kan tsofaffin agogunan matuƙan jirgin sama masu tsada, irin masu nuna lokaci biyu, na garinka da na wata ƙasa. Goma sha ɗaya ya tara a akwati. Lokaci biyu a hannu, amma azahar sai ta wuce shi.

Ya ji labarin wani agogo a Salaga, hannun wata tsohuwa Zuweira. Mijinta, marigayi Abdul-Wahid, ya yi shekaru yana direban wani matuƙin jirgi a Jidda, matuƙin ne ya ba shi agogon kyauta. Mijin ya saita shi da lokacin Jidda da na Salaga, don ya san sa'ar da matarsa ke tashi asuba. Irin wannan ba ya cin batir, motsin hannu ke tafiyar da shi, in aka ajiye shi kwana biyu sai ya tsaya. Tun rasuwar mijin ba ta bari ya tsaya ba.

Mutumin ya taya, ta ƙi. Sai ya ce, "Mma, gilashin ya tsage. Kawo in kai Kumasi a gyara miki, saboda Allah." Bayan wata guda ya kawo mata jabu mai batir, kamarsu ɗaya sak. Ta yi ta sa masa albarka.

Sai zazzaɓi ya kwantar da ita kwana tara a asibiti, agogon yana gida ƙarƙashin matashi. Ta dawo ta tarar yana tafiya abinsa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Na mijina da ya tsaya ya jira ni. Allah ya isa tsakanina da Alhaji."

Kuna tsammanin wannan addu'a za ta faɗi ƙasa banza?

Ta aika wa ƙanenta Malam Rahim, malami a Yendi, da labarin. Ana nan, mutumin ya zo walima a Yendi ya naɗe hannun riga don a ga agogon. Malam ya ce, "Alhaji, ba ni in duba." Ya juya bayan agogon, ga sunan Abdul-Wahid da ajami. Ya karanta wa jama'a, ya sa a aljihu.

Dillanci amana ne. Kafin dillalin ya isa Bawku labari ya riga shi, ba wanda ya sake danƙa masa ko akuya. Da abinci ya gagara a gidansa, ya kai akwatin nan Accra ya sayar. Mai saye ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya ce duk jabu ne. Abin da ya yi wa tsohuwa an yi masa sau goma sha ɗaya.

Yau yana zaune a tashar mota, hannu tsirara, yana tambayar masu wucewa ƙarfe nawa. Ni ban ji tausayinsa ba, ban kuma ce ku ji ba. Agogon yana can yana tafiya a hannun Zuweira.

Ya 'yan uwa, wanda ya ci amanar mara ƙarfi da sunan Allah, Allah ne da kansa zai karɓa mata, kuma ba ya makara. Allah ya kiyaye mu da hawayen wadda ba ta da kowa sai shi.