Ƙudan Zuma Mai Atishawa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, ban da gyangyaɗi.

A wata amya bisa kuka, akwai wata ƙudan zuma sunanta Tasalla. Ga ƙarfi, ga zafin nama. Amma da ciyawar fadama ta yi fure, garin furen ya shiga hancinta, sai atishawa. Ido ya kumbura, hanci ya yi ta zuba. Ƙudan zuma da gudun fure, ku ji abin kunya!

Sai uwar amya ta kira ta, ta ce, "Tasalla, ba ma ciyar da mai zaman banza. Damina uku na ba ki. In ba ki kawo komai ba, ki nemi wani gida."

Sai Tasalla ta tafi wurin Hawainiya mai magani, tana hawaye. Hawainiya ta juyo ido ɗaya ta dube ta.

"'Yar nan, furen ba shi da laifi. Dogaran jikinki ne ba su san shi ba. Da sun gan shi sai su ce ɓarawo, su tashi gari da ihu. Kumburin nan aikinsu ne."

"To Iya, a kore su mana!"

"In cuta ta zo, wa zai tare miki? Koya musu za mu yi."

Sai Hawainiya ta lakato garin furen a tsinin ƙaya, ta sa mata ƙarƙashin harshe. Kullum haka. Daminar farko dogarai suka yi ihu, amma gajere.

Tasalla kuwa ba haƙuri. Ta faki ido, ta afa cikin cokali guda. Maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya ƙi fita, da ƙyar Hawainiya ta ceto ta.

"Kin turo musu runduna, kina so su yi shiru?" in ji Hawainiya. Aka koma tsinin ƙaya.

Damina ta biyu aka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Dogarai suka leƙo, suka yi gunaguni, suka koma. Damina ta uku sai babbansu ya ce, "Ai wannan ɗan gida ne, ku bar shi ya wuce."

Ran nan Tasalla ta faɗa tsakiyar fadama, ta yi birgima cikin fure son ranta. Sawu bakwai ta yi, kaya har tana tangaɗi. A na bakwai uwar amya ta taso da kanta ta sauke mata, ta ce, "Shigo gidanku." Tasalla ta shiga ƙirji a gaba, ido garau, alfahari kamar ya fasa ta.

Abin da jiki ke tsoro, da kaɗan-kaɗan ake sabar masa, kuma a hannun wanda ya sani.

Ƙurunƙus! Kowa ya ɗaga, zan naɗe tabarmata.