Mariƙin Wuƙar Maharazu

Akwai wani matashi a Daura mai suna Maharazu, wanda ya tashi a gindin injin fiƙe ƙarfe na yayansa Hafizu. Injin ne ke juya ƙarfe, wuƙa tana cinsa a hankali har ya zama abin da ake so. Daga Mashi da Mai'adua ake kawo musu shaf, wato sandar ƙarfen injin niƙa, su fitar masa da zaren da noti ke bi.

Wata rana suna dawowa daga garin Babban Mutum a kan babur ɗin Maharazu, taya ta fashe. Hafizu nan take ya cika. Maharazu ya rayu, amma hannunsa na dama ya warke a ƙage, yatsun ba sa rufuwa.

Hafizu ya bar mata da yara ƙanana. Ƙanin mahaifinsu, Baffa Sama'ila, shi aka ɗora wa riƙon dukiyar marayun. Ya zo shagon ya tsaya a bakin ƙofa.

"Maharazu, akwai mutumin Mashi da ke son injin nan. Sayarwa zan yi."

"Baffa, in aka sayar, abin da aka samu cinyewa za a yi. Injin kuwa kullum yana ciyar da gida."

"Yana ciyarwa a wajen mai hannu."

Maganar ta fita kafin Baffa ya kama ta. Ya kau da kai, ya sassauta murya. "Ranar kasuwa zai zo. In ka fitar da zare a gabana, na fasa. Na yarda ka kunna injin. Amma sauran ƙarafan shagon nan na marayu ne, ko ƙusa kar ta canza kama sai an raba gado."

Yankan zare aikin hannu biyu ne. Idan wuƙa ta kai ƙarshen zare, hagu ya tsayar da tafiyarta, dama ya murɗa ya janye ta baya, duk cikin ƙiftawar ido. In ka makara, ta daki kafaɗar ƙarfen.

Maharazu ya karɓo guntun rodi wajen maƙwabcinsa Jafaru mai walda, ya gwada. Hagu ya yi nasa, dama ya zame. Bakin wuƙa ya ɓalle. Ya wasa, ya sake, ya sake ɓallewa. Sai ya kashe injin, don wuƙar ma ta marayu ce. Ya zauna yana kallon hannun kamar baƙon da ya kwana a jikinsa.

Yana nan zaune Jafaru ya hau babur zai tafi cefane. Ya buga wa jak ɗin da ke tokare babur ƙafa, sifirin ya fizge shi sama, ƙas!

Maharazu ya miƙe. "Jafaru, sake yi."

"In sake me? Yunwa ce ta fara taɓa ka?"

"Da wuƙar tana kan abin da ke zamewa, sifirin na jan ta baya, wani hannun ƙarfe ya tokare ta gaba, ai bugu ɗaya zan yi ta janye kanta. Bugu ba ya son yatsu."

Jafaru ya sauko. Ya gane. Sai dai abin yana son ƙarfe mai tauri, Jafaru kuwa na ƙofa da taga gare shi, asibiti kuma ta cinye abin hannun Maharazu.

Jafaru ya nuna kantar shagon Hafizu da haɓa. "Ga dunƙulen ƙarfe can yana kallonka, kamar don kai aka yanko shi. Baffa ya ƙirga ne? Ai don yaran za ka yi, malam sarkin tsoro."

Maharazu ya ɗauko dunƙulen. Sanyi, nauyi, daidai. Ya daɗe riƙe da shi a ƙirji, yana tuna cewa a gidan Hafizu an fara dafa tuwo ba miya. Sannan ya mayar inda ya ɗauko.

"Don su ne. Amma ba nawa ba ne."

"To naka yana ina?"

Nasa yana bayan gida, an rufe da buhuna. Tun ranar da aka kawo gawar babur ɗin bai ko bi ta wajen ba. Ya yaye buhunan. Ƙasar hanyar tana nan maƙale a jikin taya. A durƙushe ya kwance sandar tayar baya, da farantin da ke riƙe inji, da sifirin jak, da hannun birki.

Jafaru ya yanka, ya yi walda. Maharazu ya ɗaure magogin ƙarfe a wuyan hannunsa da robar taya, yana goga, hagu na tayawa. Mariƙin wuƙar da suka fara haɗawa ya cije, ya ƙi zamewa. Na biyu ya zame, amma yana rawa, zare ya fito kamar an tauna. Robar ta ci fata har jini. Ya koma ya goga, ya gwada, ya goga, har ƙarfen ya riƙa shiga ramin da suka yi masa ba cijewa ba girgiza.

Ranar kasuwa Baffa ya iso da mutumin Mashi, da wani shaf na injin niƙa da zarensa ya cinye. Mutumin har ya zo da mota da igiyoyi.

Maharazu ya yi bisimilla ya kunna. Wuƙa ta kama ƙarfe, tana tafiya, kafaɗa tana matsowa. Hagu ya tsayar, wuyan hannun dama ya bugi hannun birkin. Ƙas! Wuƙa ta koma baya.

Ya mayar, ya ƙara mata ci, ya sake. Gumi na shiga idonsa, bai share ba. Da ya gama, Baffa ya ɗauki noti ya ɗora. Da yatsa biyu ya murza shi, ya tafi sumul har ƙarshe.

Baffa ya dubi kanta, ya dubi mariƙin. "Ina ka samo ƙarfen?"

Jafaru ne ya ce, "Baffa, na nuna masa na kan kanta ya ƙi. Babur ɗinsa ya fasa."

Baffa ya juya wajen mutumin Mashi. "Alhaji, ka sha hanya a banza. Ka yafe mu."

Da motar ta tashi, Maharazu ya sulale ƙasa ya kifa kai a jikin injin, kafaɗunsa na rawa. Baffa Sama'ila, da farar rigarsa ta zuwa kasuwa, ya zauna kusa da shi cikin baƙin mai, bai ce masa ya yi shiru ba.

Darasi: Matsi ba ya halatta maka abin da ba naka ba, ko da niyyarka mai kyau ce. Riƙe amana a ranar da ta fi nauyi, Allah zai buɗe wata ƙofa, ko da ta inda zuciyarka ke tsoron kallo ce. Ku tura wa wanda ke cikin ƙunci yau, kuma ku sa waɗanda suka riga mu cikin addu'a.