Jimina Mai Tare Iska

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu saurara!

Matan dawa ne suka shirya tseren keke. Barewa ce gwanar ƙungiyarsu, ga gudu ga son yabo. Jimina kuwa, uwar haƙuri, aikinta ta shiga gaba ta tare mata iska, ta ɗebo mata ruwa.

Ana dab da ƙarshe sai ƙaya ta huda tayar Barewa.

Ta ce, "Yaya Jimina, kekenki!"

Jimina ta sauka ta miƙa mata. Barewa ta haye, ko waiwaye babu.

Jimina ta turo keken Barewa mai hudajjiyar taya ita kaɗai, tana jiyo kiɗa daga nesa har ya mutu. Da ta iso fili an watse, sai tsohuwa Kunkuru tana shara.

Ta ce, "Iya, wa ya ci?"

"Barewa. An tafi da ita a kafaɗa. Kallo kika zo? Kin makara, 'yar nan."

Jimina ta buɗe baki, sai ta fasa. Ta jingine keken ta ce, "Kawo tsintsiyar in taya ki, Iya."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera!